Tanderun lantarki a ɗakin aiki na haɗaka: a kunna a tafi gida, ko sai da mai tsaro?

MaiYumɓu:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ga wata magana da nake so masana su warware. Ɗakin aiki ne na haɗaka, mutum goma sha wani abu ke gina tangaran a ciki, tanderu kuma ɗaya ne, na lantarki, mai buɗewa ta sama, mai kwantirola, wato na'urar da ake saita zafi da lokaci a kanta. Ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun ce tunda babu harshen wuta, babu gas, babu itace, to ba ya buƙatar bututun fitar da iska, kuma ana iya saita shi da yamma a kulle ƙofa a tafi gida, shi zai kashe kansa. Wasu sun ce wannan ganganci ne. Wanne ne daidai? Kuma waɗanne ƙa'idoji ya kamata a liƙa a bango, tunda hannu da yawa ke taɓa shi?

Injiniya_Waya:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da maganar "zai kashe kansa". Kwantirola ba ita ke riƙe da wutar ba, umarni kawai take bayarwa. Abin da ke haɗa wuta da yanke ta zuwa ga elemen, wato wayoyin da ke yin zafi a cikin tanderu, shi ne rile, wannan ƙaramin makunnin da kuke jin yana ƙas-ƙas lokacin gashi. A gashi ɗaya yana buɗewa ya rufe sau ɗaruruwa, har dubbai, kuma kowane buɗewa da ɗan tartsatsinsa, a hankali bakin ƙarfen yana cinyewa. Ranar da zai mutu hanya biyu ce. Ko ya mutu a buɗe, wuta ta daina zuwa, tanderu ya kasa kai zafin da ake so, wannan da sauƙi. Ko kuma bakin ya narke ya manne, wuta ta ci gaba da shiga alhali allon ya rubuta an gama. Kwantirola za ta yi ƙara, za ta nuna kuskure, amma ba ta da hannun da za ta zare filogi. Don haka wanda ya kunna ya kasance a wurin a awa ɗaya ko biyu na ƙarshe, ya ga ta kashe, ya tsaya ya ga lambar zafi tana sauka da idonsa, sannan ya yanke wuta daga babban makunnin bango.

Hajiya_Tangaran:
Ni kuma in ɗauki ta iskar. Gaskiya ne tanderun ba ya ƙona mai, amma abin da aka loda masa yana ƙonewa. Yumɓu ba ƙasa ce zalla ba. Daga digiri 100 na Salsiyos tururi ke fita. Wajen 200 zuwa 300 sai kakin da ake shafa wa gindin kaya don kada gilez (shafin da ke narkewa ya zama kamar gilashi a jikin kaya) ya kama ya tashi, shi ne warin nan mai shiga maƙogwaro. Daga 300 zuwa wajen 800 ragowar tsirrai da baƙin da ke cikin yumɓun suna cinyewa, kuma idan iska ta yi ƙaranci a ciki, kabon monoksaid ne ke fitowa, wanda ba shi da wari ba shi da launi. Can sama kuma sai salfa, mai sa yajin ido da tari, ita ce kuma ke cin ƙarfen jikin tanderu har ya yi tsatsa. A gashi na biyu, wanda ake yi bayan an shafa gilez, wasu gilez suna sakin fulorin da tururin ƙarafa. Duk wannan in babu hanyar fita, a ɗakin da mutane ke zaune suna aiki zai tsaya. Kuma mutane suna ɗauka gashin gilez ne mai haɗari, alhali gashin farko ya fi shi hayaƙi nesa ba kusa ba.

Ɗan_Kon6:
To Hajiya, buɗe taga bai wadatar ba?

Hajiya_Tangaran:
Taga tana bin ra'ayin iska ne, ɗan uwa. Yau ta fitar, gobe ta dawo maka da shi ciki. Sai da fanka mai ja, da bututu mai kaiwa waje.

Malam_Bututu:
Iri biyu ake amfani da su, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Na farko mai ja ta ƙasa: ana huda ƙananan ramuka a gindin tanderu, wasu har a murfi, a kafa wani kofi a ƙarƙashi, fanka ta riƙa jan iska kaɗan daga ciki, ta gauraya ta da iskar ɗaki don ta huce, ta tura ta waje. Wannan yana kama hayaƙin tun kafin ya shiga ɗaki, yana kuma shigar da sabuwar iska cikin tanderu, abin da ke sa launuka su fito tas, elemen kuma ya daɗe. Amma ba ya rage zafin ɗaki ko kaɗan. Na biyu rumfa ce a saman tanderu, tana kwashe zafi da abin da ya riga ya fito. Ƙaramin ɗaki yakan buƙaci duka biyun.

Abu uku da ake yawan kuskurewa. Yawan ramuka da faɗinsu a bi abin da masu ƙera tanderun suka rubuta, kada a ƙara don son rai, ramuka da yawa suna sanyaya ƙasan tanderu. Sai iskar da za ta maye gurbin wadda aka fitar: in ɗaki a toshe yake ruf, fanka tana juyi ne a banza. Sai bakin bututun a waje, kada ya fuskanci taga ko ƙofar wani, an gudu ba a tsira ba ke nan. Gwaji kuma mai sauƙi ne: a kunna fankar, a ƙyasta ashana a kashe, a kai hayaƙinta bakin ramin murfi. In ya shige ciki, tana ja. In ya tashi sama abinsa, a duba bututun, ko ya tsage ko ya toshe. A kuma kafa na'urar gano kabon monoksaid a ɗakin, a riƙa canja mata batir.

Ɗan_Kon6:
Na yarda da maganar iska. Amma Injiniya, a faɗi gaskiya, gashin farko yana cin awa goma zuwa goma sha biyu, in an haɗa da busarwa ya fi haka. Wa zai zauna gadin tanderu tsawon wannan lokaci? Mutane suna da wasu ayyukan. Ƙa'idar da ba za a iya bi ba, a bango kawai za ta tsaya.

Injiniya_Waya:
Ban ce a kawo tabarma ba. Yawancin kwantirola suna da jinkirin farawa. A lissafa baya: in gashin awa goma ne, a saita ya fara da asuba, ya ƙare da la'asar lokacin da akwai mutane. A tsakani a riƙa leƙawa. Ƙarshen ne ba a wasa da shi.

Gwani_Bulo:
Nan kam ban bi ka duka ba, Injiniya. Jinkirin farawa yana nufin tanderu zai tashi babu kowa, kuma a ɗakin haɗaka nan ne matsalar take. Wanda ya saita ya tafi, wani ya shigo bayansa ya ga tanderu a sanyaye, ya ɗora kwali ko tsumma ko katakon busar da kaya a kan murfi, shi ma ya tafi. Tanderu da kansa da wuya ya kama da wuta, bulo ne da ƙarfe. Abin da aka jingina masa ne ke kamawa. Jikinsa na waje yana iya wuce digiri 200 a ƙarshen gashi. In dai za a yi jinkirin farawa, sai an rataya babban allo a jikin murfi, kuma wanda ya saita shi ne na ƙarshen fita.

Tazara kuma: santimita 45 tsakaninsa da kowane bango, haka yawancin masu ƙerawa ke cewa, in tanderu biyu ne a ƙara tsakaninsu. Ya zauna a kan ƙafafunsa na ƙarfe da ya zo da su, kada a sauke shi ƙasa kai tsaye, iska na buƙatar wucewa ta ƙarƙashi. Daɓen ya zama siminti ko tayil. In katako ne ko leda, sai an shimfiɗa abin da ba ya ci da wuta wanda ya zarce faɗin tanderun ta kowane gefe. Fenti, tina, man goge katako, labule, duk a wani ɗakin. A zana layi a ƙasa kewaye da shi, abin da ya tsallaka layin a ɗauke ba tare da neman mai shi ba.

MaiYumɓu:
Maganar layin nan ta yi. To ɓangaren wayar fa? Akwai mai cewa soket ɗin da ke wurin zai ɗauka.

Injiniya_Waya:
Kada a yi aiki da "zai ɗauka". A jikin kowane tanderu akwai farantin ƙarfe da aka rubuta bolt, amfiya, da ko layi ɗaya ne ko uku. Daga nan ake farawa. Matsakaicin tanderu na ɗakin aiki yana iya jan amfiya 48 a bolt 240, wato kilowat 11 da rabi, kuma awanni yake yi yana ja, ba kamar injin da ke tashi ya tsaya ba. Shi ya sa ƙa'idar wayarin Amurka ta ce kayan da ke jan wuta a jere a ba su bireka, makunnin da ke faɗuwa in wuta ta yi yawa, mai kashi 125 cikin ɗari na abin da suke ja, mai 48 ya sami 60. Kowace ƙasa da tata ƙa'idar, ƙwararren mai wayarin ne zai yi wannan, ba ɗan ƙungiya mai sukundireba ba. Layinsa shi kaɗai, ba ya tarayya da komai. Wayar jan ƙarfe mai kaurin da ya dace, in nisa ya yi yawa a ƙara kauri. Wayar ƙasa dole. Ekstenshan haramun ne a nan.

Inda wuta ke tashi galibi ba cikin tanderu ba ne, a filogi ne. Haƙoran soket suna saki da tsufa, haɗin da ya yi sako-sako yana zafi, zafin yana ƙara sakin haɗin, haka har roba ta narke. Duk wata a zare a duba: in haƙori ya yi baƙi ko roba ta canja launi, a canja filogi da soket tare, canja ɗaya ɓata sabon ne. Kuma wayar kada ta taɓa jikin tanderu. Babban makunnin bango a sa shi ta wajen ƙofa, inda hannu zai kai ba sai an miƙa ta saman tanderu ba.

Tsohon_Magini:
A ƙara da wannan: elemen waya ce tsirara. Wasu tanderun suna da makunni a murfi mai yanke wuta in an buɗe, wasu ba su da shi. Kuma Injiniya ya riga ya ce rile na iya mannewa. To duk mai sa hannu ciki, lodi ne, sauke kaya ne, shara ce, ya yanke wuta daga bango tukuna. Allon da ya nuna a kashe yake ba hujja ba ne.

Injiniya_Waya:
Haka ne Baba. Sannan inda aka sa na'urar da ke yanke wuta in ta fara zurarewa, sabon tanderu ko wanda ya daɗe a ajiye yakan sa ta faɗi, saboda bulon ya sha danshi. Maganinsa a busar da shi a ƙaramin zafi, in ta ci gaba da faɗuwa a kira mai gyara. Kada a tsallake na'urar.

Uwar_Gilez:
Kun yi ta maganar waya da bututu, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A ɗakin haɗaka abin da ya fi kashe tanderu sifiri ne guda ɗaya. Kon 06 da kon 6, wato lambobin 'yan tsinin da ake sawa cikin tanderu don auna gashi. Na farkon wajen digiri 1000 ne, na biyun wajen 1220. Masu sifiri a gaba lissafinsu baya-baya yake tafiya, 06 ya fi 04 sanyi, 04 kuwa wajen 1060 ne. Yumɓun ƙaramin zafi in ya shiga gashin kon 6, kumbura yake yi ya lanƙwashe, wani ya narke ya malale kamar kwalta, ya cinye kantar da aka ɗora shi a kai, ya gangara ya ci bulon ƙasa, in ya sami elemen ya gama da shi. Kuma bayan gashin farko ba mai iya bambance su da ido, fari fari ne, ja ja ne. Saboda haka: ɗakin ya tsayar da irin yumɓun da yake karɓa. Wanda ya zo da nasa daga waje ya kawo ledarsa da rubutun kon a jiki, in babu rubutu babu gashi. Kantocin jiran gashi a raba su, a rubuta lambar da manyan baƙaƙe. Sabon gilez da ba a san halinsa ba a gwada shi a ƙaramin gutsure a tsaye, a cikin ɗan faranti na yumɓu da zai tare abin da ya zubo.

'Yar_Koyo:
Anti, don Allah me ya sa ake sa kon a ciki tunda kwantirola na nuna zafi?

Uwar_Gilez:
Domin yumɓu ba zafi kaɗai yake ji ba, ƙanwata, zafi ne haɗe da daɗewa. Digiri 1200 na minti biyar daban, na awa ɗaya daban. Kon an yi shi ne da irin kayan tangaran, yana lanƙwasa ne in aikin zafin ya cika, kamar yadda kayanki ke nuna. Hermann Seger ne ya fito da shi a Jamus a 1886, Edward Orton ya fara yin nasa a Amurka a 1896, kuma har yau ba a sami abin da ya kore shi ba. Ana jera uku: in 6 ake nema, a sa 5, 6, 7. Na 5 ya kwanta, na 6 kansa ya sunkuyo ya kusa taɓa kanta, na 7 ya tsaya. A sa jeri a sama, tsakiya da ƙasa, za ki ga inda tanderun ya fi zafi.

Gwani_Bulo:
Kuma kwantirola abin da sandar awon zafi ta gaya mata kawai ta sani. Sandar nan nau'in K, wadda ta fi yawa, tana cinyewa da yawan gashi mai zafi, bakinta ya yi ɓawo, ta fara faɗin ƙasa da gaskiya. Ita kuwa kwantirola sai ta ƙara wuta. Haka ma in kanta ta buge ta lokacin lodi ta koma cikin bulo: tana jin sanyin bango, kaya suna narkewa a tsakiya. Kafin a rufe murfi a duba ta fito yadda ya kamata, kuma a bar mata fili santimita uku zuwa biyar, kada a manna mata kaya ko kanta. Nau'in S mai filatinam ya fi daɗewa, amma shi ma ba ya hana sa kon.

Ɗan_Kon6:
Wani abu da ba a taɓo ba: fashewar kaya. Dole a hana masu barin kumfar iska a cikin yumɓu, su ke tarwatsa kayan mutane.

Tsohon_Magini:
A'a ɗana, wannan tsohon zance ne da ake ta gadonsa. Ba iska ke fasa kaya ba, ruwa ne. Iskar da aka kulle tana faɗaɗa kaɗan-kaɗan, ɗanyen yumɓu kuma yana da ƙofofin da za ta bi. Ruwa kuwa in ya zama tururi yana ninka girmansa wajen sau 1700, a lokaci guda. Laifin kumfar shi ne tana ɓoye danshi a wuri mai kauri. Abin da ya bushe sarai ba ya fashewa. A taɓa gindin kaya a kunci: in da sanyi, da sauran ruwa. Abin da kaurinsa ya wuce santimita biyu da rabi a rarake cikinsa, a huda masa ƙaramar kafa. Sannan a riƙe tanderu a digiri 80 zuwa 90, ƙasa da tafasar ruwa, awa biyu ga kaya marasa kauri, awa takwas ko fiye ga masu kauri. Mai shakka ya kai madubi bakin ramin leƙe na sama, in ya yi gumi a ƙara lokaci. Bayan nan ma kada a yi gaggawa har a wuce 600, domin tsakanin 450 da 600 ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayar yumɓun yake fita, a 573 kuma kwatz, ƙwayar yashin da ke cikin yumɓu, yana canja siffa ya kumbura farat ɗaya.

In abu ya fashe, ba kwashe gutsattsarin ne kaɗai aikin ba. A bi ramukan da elemen ke kwance da injin zuƙe ƙura, a hankali, domin elemen da ya sha wuta ƙarfensa ya zama mai karyewa. Gutsuren da aka bari a kai, musamman mai gilez, shi ke huda shi.

Hajiya_Tangaran:
Tunda an shigo lodi. Kantar ƙasa a ɗaga ta a kan gajerun turaku, kada ta kwanta a gindin tanderu, balle in akwai ramukan fanka. Turaku uku ga kowace kanta, uku ba sa rawa, kuma na sama su hau daidai kan na ƙasa. Kaya su nisanci elemen da santimita biyu da rabi aƙalla. A gashin farko kaya na iya taɓa juna, har a sa ƙarami cikin babba. A na gilez ko kusa, a bar faɗin yatsa. Gindin kowane abu a goge shi tas, a bar milimita biyar daga ƙasa babu gilez, mai gudu a bar fiye. Farin shafin kanta, wanda ake haɗawa da alumina da farin yumɓu na kawolin rabi da rabi, saman kanta kawai ake shafa wa. Ba a shafa ƙasanta, zai ɓare ya zubo kan kayan da ke ƙarƙashi. Ba a shafa bango, ba a bari ya taɓa elemen. Masu kantar silikon kabaid kuma su sani tana ɗaukar lantarki.

Uwar_Gilez:
A jerin abin da ba ya shiga tanderun haɗaka a sa gilez mai dalma a sahun farko. Tururinta yana zama a bulo, ya riƙa sauka kan kayan wasu a gashin baya, har da kofunan da za a sha ruwa da su. Sai gishiri da soda, da cusa takarda ko ɗanyen itace don a sami hayaƙi. Elemen ƙarfe ne da kuromiyam da alminiyam, yana yi wa kansa wata fatar kariya in ya sami iska mai tsabta, hayaƙi da gishiri suna cinye fatar. Gutsuren filasta a cikin yumɓu ma a kiyaye, bayan gashi yana shan danshi ya kumbura ya ɓalle fuskar kaya.

'Yar_Koyo:
To leƙa kon ɗin ta rami fa, gilashin rana ya isa?

Malam_Bututu:
Bai isa ba. Yana rage hasken da ido ke gani, amma zafin da ba a gani yana wucewa, kuma shi ne ke jawo yanar ido in an daɗe ana yi, cutar da aka daɗe da sani a wurin masu hura gilashi. Gilashin masu walda ake sawa, lamba 3.

Gwani_Bulo:
Lamba 3 a kon 6 wasu ba sa ganin komai sai fari fat. Lamba 5 ta fi fito da kon.

Malam_Bututu:
A rataye duka biyun a ƙusa ɗaya, ba abin faɗa ba ne. Muhimmi dai kada a manna fuska a ramin, iskar da ke fitowa tana ƙona gira. Toshiyar ramin kuma da safar hannu ake cire ta, a ajiye ta a kan bulo, ba kan tebur ba.

Tsohon_Magini:
Cutar da ya kamata masu wannan sana'a su fi kiyayewa ba ƙuna ba ce, ƙura ce, kuma ba ta nuna kanta sai bayan shekaru. Silika, sinadarin da ke cikin yashi, tana cikin yumɓu, tana cikin gilez, tana cikin bulo. Ƙwayar da ke isa can cikin huhu ido ba ya ganinta, kuma tana daɗewa a iska bayan an gama shara. Tsintsiya ba ta da wuri a ɗakin tangaran. Mofa da ruwa, ko injin zuƙe ƙura mai matatar HEPA. Kankare kanta a yi shi a waje, da takunkumin P100 ko FFP3 da gilashin kare ido, domin gilez da ya manne in ya ɓalle reza ne. Tanderun da ke da audugar tare zafi a murfi kada a riƙa taɓa ta, in ta tsufa ƙurarta ta fi ta sabuwa illa.

MaiYumɓu:
Sai maganar buɗewa. Wannan ma ana ja-in-ja a kai, kowa na ɗokin ganin kayansa.

Hajiya_Tangaran:
Ƙasa da digiri 100, sannan a buɗe. Akwai wani canjin siffa na silika wajen 220 zuwa 230, kayan da iska mai sanyi ta buga a nan suna tsagewa, tsaga mai kaifi da ta ratsa gilez. Murfin bulo da elemen ma ba sa son bugun sanyi. Sanyaya tana cin lokaci kamar gashin ko fiye, a sa ta cikin jadawali tun farko.

Ɗan_Kon6:
Da yawa suna ɗaga murfi kaɗan a 150, ba abin da ke faruwa.

Hajiya_Tangaran:
Mai tanderunsa shi kaɗai ya yi, kayansa ne. A na haɗaka ka san kaurin kowane abu da ke ciki? Kuma allon zafin iska yake nunawa, kanta da manyan kaya sun fi haka zafi. Lamba ɗaya a bango, kowa ya bi.

Gwani_Bulo:
A ajiye littafi kusa da tanderu: kwanan wata, wanda ya loda, wanda ya kunna, kon da aka nema, lokacin farawa da na gamawa, da yadda kon suka kwanta. Amfaninsa ba neman mai laifi ba ne kawai. In gashin da ke cin awa takwas ya koma tara, ya koma goma, elemen ne ke tsufa. A yanke wuta a auna su da mita, in juriyarsu ta haura ta sababbi da kashi 10 cikin ɗari, lokacin canji ya yi. Amma a auna wutar bango tukuna tanderu na aiki, domin in bolt ya ragu da kashi 10, ƙarfin zafi yana raguwa da kusan kashi 19, sai a zargi elemen a banza. Kuma masu izinin kunnawa su zama biyu ko uku da aka koya wa, sauran su ajiye kaya a kanta.

Injiniya_Waya:
Ƙari a kan takardar bango: in wani abu ya kama, a yanke wuta daga makunni, a bar murfi a rufe, zafin da ke ciki ya zauna a ciki. Ba a watsa wa tanderu ruwa. Abin kashe gobara mai hoda ko mai kabon dayoksaid a rataye shi bakin ƙofa, don abin da ke ci a kewaye. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi kuma, kada a buɗe. Wasu kwantirola suna ci gaba da kansu in ta dawo, wasu suna tsayawa, a karanta littafin taku a sani, domin mai ci gaba da kanta tana iya tashi bayan kowa ya ɗauka an fasa.

Ɗan_Kon6:
To mu koma tambayar MaiYumɓu. Ni har yanzu ina ganin riƙewar busarwa a digiri 90 za a iya barinta ta kwana, ko ruwa ba ta tafasawa.

Injiniya_Waya:
Rile da zai manne bai san a 90 aka saita ba, Malam. In ya manne da tsakar dare, layin elemen ɗin da yake riƙe zai yi ta ci har safe. Akwai masu ƙara wani babban makunni na daban da ke yanke wutar gaba ɗaya in zafi ya wuce iyaka, da sandar awonsa ta kansa. Da wannan zan iya sassautawa a kan busarwa. A kan ƙarshen gashi ba zan sassauta ba.

Gwani_Bulo:
Ni ko da shi, sai na san wa ke da mabuɗin ɗakin da dare. MaiYumɓu, mutum nawa ke iya shiga bayan an tashi, kuma akwai masu kwana a ginin?

MaiYumɓu:
Mabuɗi huɗu ne. Saman ginin kuma akwai masu zama.

Malam_Bututu:
To a fara duba inda bakin bututun zai fita, kada ya zama ƙarƙashin tagarsu. A auno tsayin bangon da nisan tagogin a turo nan.